Karaya: me ke kai mu gun mai ɗori?

Duk ranar da kabu-kabu ya kaɗe mutum a bakin kasuwa, kafin a samo mota wani ya riga ya faɗi unguwar mai ɗori. Ma'aikatan lafiya na cewa jahilci ne. Mu dai a ganinmu lissafi ne, irin wanda kowane ɗan kasuwa ya sani.

A gidan likita sai ka biya kafin a taɓa ka: kuɗin tikiti, na hoton ƙashi, na siminti, ga takardar magani. In karayar ta kai ga tiyata da sa ƙarfe, jarin mai tuwo ko mai tumatir ba ya isa. Maganin kyauta da gwamnati ta kawo a 2006 na yara ne ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu awon ciki, babba mai karaya ba ya ciki. Shi kuwa mai ɗori, wanda galibi gadon sana'ar ya yi, zai ja ƙafa, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure, ya yi tofi. A ba shi abin da ya sawwaƙa, saura sai an taka. Wa ke gudun mai ba da bashi?

Sai kuma tsoron yanke ƙafa, kuma a nan muke roƙon jama'a su natsu. Gaɓar da ta karye kumbura take. In ɗauri ya matse ta, jini ba ya wucewa, cikin ƴan awoyi nama ya fara mutuwa. Sai ta yi baƙi tana wari ake ɗaukar mutum zuwa Galmi ko Damagaram, likita ya yanke don ceton rai, labari ya dawo kasuwa wai asibiti yanka suke yi. Yaron da ya faɗo daga iccen mangwaro ya karye a gwiwar hannu yana cikin masu yawan shan wannan wahala.

Masu ɗori sun tada mutane da dama, ba mu musu. Amma hannunsu ba ya ganin cikin nama. In ƙashi ya huda fata, ko yatsu suka yi sanyi suka mutu, ko ciwo na ƙaruwa bayan ɗauri, a kwance a nufi asibiti ran nan.

Muna kira ga hukumomin lafiya su zauna da masu ɗori su koya masu waɗannan alamu. Ku kuma shugabannin ƴan kasuwa da uwayen adashi, ku ware asusun haɗari, ko dala ashirin ce kowace ranar kasuwa, don a samu na hoto tun ranar farko.