Abin da labarin Lynyrd Skynyrd ya koya mini game da horo

A wannan makon zan kawo muku labarin wasu makaɗa na ƙasar Amurka da suka ɗauki sunan malaminsu suka sa wa ƙungiyarsu don tsokana. Na san wasu daga cikinmu da jin haka za su ce, "Yauwa, ashe taurin kai yana da riba!" To ku dakata ku karanta har ƙarshe, domin ni ra'ayina ya sha bamban.

Sunan ƙungiyar Lynyrd Skynyrd. An kafa ta a 1964 a birnin Jacksonville da ke jihar Fulorida, a kudancin Amurka. Babbansu, Ronnie Van Zant, shi ne mai waƙa, kuma yana da shekara 16 a lokacin. Masu kaɗa jita biyu, Gary Rossington da Allen Collins, ba su kai shekara 14 ba. Wato sa'o'inmu ne.

A makarantar sakandaren da wasunsu suka yi akwai malamin motsa jiki mai suna Leonard Skinner. Dokar makarantar ta hana yara maza tara gashi, shi kuma malamin ba ya ɗaga ƙafa. Duk wanda ya kama da dogon gashi sai ya tura shi ofishin shugaban makaranta, kuma Rossington yana cikin waɗanda ya tura. Yaran suka ji haushi, sai suka murɗe sunan malamin ya koma Lynyrd Skynyrd. Yau duniya ta san wannan suna.

Nan ne masu neman hujjar rashin ji suke tsayawa. Amma ku lissafa da ni. Daga 1964 zuwa 1973, lokacin da faifansu na farko ya fito, shekara 9 ke nan. Shekara 9 suna kiɗa a ƙananan wurare ba wanda ya san da su a wajen yankinsu. Suna da wata bukka a bayan gari wadda saboda tsananin zafinta suka yi mata laƙabi da gidan wuta, a can suke yini suna maimaita waƙa ɗaya har sai kowa ya haddace nasa ɓangaren. Van Zant ya yi suna wajen tsanani ga abokan aikinsa. Ashe sun guje wa horon Malam Skinner ne suka ɗora wa kansu wanda ya fi shi wuya.

Wannan wahalar ce ta haifi nasu salon a cikin kiɗan da ake kira rok na Kudu: jita uku suna tafiya tare, ga kiɗan baƙaƙen fata na bulus da kiɗan mutanen karkara a gauraye. Waƙarsu "Free Bird" ta wuce minti 9, kuma kusan rabinta jita ce zalla. A 1974 "Sweet Home Alabama" ta shiga cikin waƙoƙi goma da suka fi tashe a Amurka. Dogon gashi bai taɓa kaɗa wa kowa jita ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Ƙarshen tashensu na farko ma darasi ne a kan horo. Ranar 20 ga Oktoba 1977, kwana 3 bayan fitowar sabon faifansu, jirgin saman da ya ɗauko su ya faɗi a daji a jihar Misisipi. Mutum 26 ne a ciki, 6 suka rasu, har da Van Zant yana da shekara 29, da mai jita Steve Gaines, da yayarsa Cassie. Masu bincike sun gano cewa mai ne ya ƙare a sama, kuma matuƙan ba su sa ido a kan man yadda ya kamata ba. Ƙa'ida ɗaya aka yi wa riƙon sakainar kashi, rayuka 6 suka salwanta.

Ba ina cewa komai nasu abin koyi ba ne. Rossington ya bar makaranta bai gama ba, kuma dubban yaran da suka yi haka ba wanda ya ji labarinsu. Ƙungiyar ta daɗe tana kafa tutar jihohin Kudu da suka yi yaƙi don a ci gaba da bautar da bayi, abin da ke ɓata wa baƙaƙen fatar Amurka rai. Wannan tabo ne a tarihinta, kuma iya kiɗa ba ya goge shi.

A 1987 ƙungiyar ta dawo, Johnny ƙanen Ronnie ya karɓi waƙa. A 2006 aka shigar da ita zauren karrama gwanayen kiɗan rok. Rossington, na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa ta, ya rasu a 2023. Shi kuwa Malam Skinner daga baya sun shirya da tsofaffin ɗalibansa, har ya hau dandamali ya gabatar da su a wani wasa a Jacksonville. Ya rasu a 2010.

Saboda haka ina kira ga 'yan uwana ɗalibai: duk mai cewa yana da baiwa, ko ta waƙa, ko ta zane, ko ta ƙwallo, ya tambayi kansa awa nawa yake ba ta a mako. Idan amsar babu, to rashin jin maganar malami ba zai cike gurbin ba. Ga malamanmu kuma, cikin girmamawa, roƙona shi ne: idan kun hukunta ɗalibi a kan aski ko yunifom, ku ɗan tambaye shi abin da ya iya. Wataƙila yana da abin da yake jira wani babba ya gani.

Daga ɗalibin aji 2 na ƙaramar sakandare, memba a ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta.