Garantin shekara bakwai a takarda, garajin kuma yana Yamai



Makon jiya, cikin shirinmu na marece, wani bawan Allah ya kira mu daga wajen Tasawa, ransa a ɓace. Ɗan kasuwa ne, ya shekara da shekaru yana tara kuɗi, ya ce ya gaji da okaziyo, ya je Yamai ya fiddo mota sabuwa fil, a ledarta. Ranar da aka miƙa masa makulli an ce masa: "Alhaji, kwantar da hankalinka, tana da garanti." Wata goma sha huɗu bayan nan mota ta fara hayaƙi, ta rage ƙarfi, ta mace a hanya. Ya biya aka ɗauke ta har Yamai. Abu na farko da aka tambaye shi shi ne karne, wato littafin nan da ake buga wa tambari duk lokacin da aka yi widanji. Tambari biyu ne a ciki, sauran shafukan fari fat, don makanikinsa na gida ke canza masa mai. Aka buɗe tanki, aka iske ruwa da datti cikin gazuwal. Aka ce masa a yi haƙuri, wannan gyara daga aljihunsa ne. Ya ce mana: "Malam, cuta ce ko ba cuta ba?"

Ba mu ba shi amsa nan take ba, don maganar ta fi ƙarfin minti biyu na waya. Ga abin da muke gani. Dogon garanti abu ne mai kyau, amma yarjejeniya ce mai sharuɗɗa, kuma galibin sharuɗɗan an rubuta su ne don ƙasashen da hanya ke da kwalta, mai ke da tsabta, garajin kamfani ke bayan gida. Duk wanda zai zuba miliyoyin sefa a mota sabuwa, kafin ya tambayi shekara nawa, ya fara tambayar me aka lamunce, kuma a ina za a gyara.

Mu fara da asalin abin. Garanti alkawari ne na maƙerin mota cewa in wani abu ya lalace saboda kuskuren ƙira ko rashin ingancin ƙarfen da aka yi aiki da shi, shi zai gyara ko ya canza, kaya da kuɗin aiki duk a kansa. Iyakarsa ke nan. Asirans dabam take: ita ce ta haɗari, gobara ko sata, gwargwadon wadda mutum ya yanka. In ka kaɗe saniya a hanyar Dakwaro, garanti ba ruwansa. Mutane da yawa a nan suna haɗa biyun, daga nan rigima ke farawa.

Su kuma waɗannan dogayen shekaru da muke gani a talla, kasuwa ce ta haife su. Kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ya yi fama a Amurka, inda ake yi wa motocinsa kallon masu araha marasa ƙarko. Tun daga motocinsa na 1999 ya ce ya lamunce inji da buwat har shekara 10 ko mil 100,000, kusan kilomita 160,000. Mutane suka ce wanda ya yi wannan alkawari ya yarda da kayansa, ciniki ya tashi. A Turai, Kia ya fara garantin shekara 7 ko kilomita 150,000 da motarsa Cee'd, a 2010 ya game sauran motocinsa da shi. Toyota ya daɗe kan shekara 3 ko kilomita 100,000, daga baya a wasu ƙasashen Turai ya fito da tsarin da duk widanjin da ka yi a garajinsa ke ƙara maka shekara ɗaya, har motar ta kai shekara 10. Motocin lantarki kuwa, galibi ana lamunce babban batirinsu shekara 8 ko kilomita 160,000. Duk wannan gaskiya ne, kuma masu motoci a can suna amfana. To amma ku lura da ƴar kalmar nan da ke tsakanin shekara da kilomita: "ko". Wanda ya riga cika, shi ke rufe maganar.

Bari mu yi lissafin a gida. Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, zuwa da dawowa 1,320. Ɗan kasuwar da ke yin wannan tafiya sau ɗaya kowane mako, a shekara ya haura kilomita 68,000. Garantin kilomita 100,000 zai ƙare masa cikin shekara ɗaya da rabi. Na 150,000 ɗin ma, ba zai wuce shekara uku ba. Shekara bakwai ɗin ta ma'aikacin da ke tashi daga gida zuwa biro ce, ba ta mai Zinder yau, Konni gobe ba. In kuma motar ta haya ce, taksi ko ɗaukar fasinja, kamfanoni da dama suna rage wa'adin tun a takarda.

Abu na biyu, ba duka motar ce ke ƙarƙashin wa'adi ɗaya ba. Shekara 10 ɗin Hyundai a Amurka ta inji da buwat ce, sauran jikin motar shekara 5 ne. Na Kia a Turai ma, batir da rediyo da fenti kowane da nasa wa'adin, ƙasa da bakwai. Sannan akwai kayan da aiki ke cinyewa, waɗanda kusan ba wani garanti da ke ɗauka in sun ƙare da kansu: taya, takalmin birki, farantin ambireyaji, filtir, buji, ƙwan fitila, robar share gilashi. Ku duba da kyau, waɗannan su ne abin da ke kai mu garaji kullum a ƙasar nan. Ramin hanya ya fasa maka amortisar ko ya lanƙwasa ƙafa, za a ce bugu ne, ba kuskuren ƙira ba. Ka faɗa ruwa da damina a ƙorama inji ya sha, za a ce kai ka kai ta. Ka loda buhun gero fiye da nauyin da aka rubuta, ka ƙara mata ƙarfe a baya don ta jure, ka fita daga yarjejeniya da hannunka.

Abu na uku shi ne mai. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: duk da matatar SORAZ da ke aiki a jihar Damagaram tun 2011, da yawanmu wurin ƴan ruwa-ruwa muke shan mai, a kwalba ko a jarka, a bakin hanya. Wani lokaci don sauƙi, wani lokaci don ba gidan mai a kusa. Tsofaffin motocinmu suna haɗiye shi su yi shiru. Injin dizal na zamani kuwa yana tura gazuwal da matsi mai tsananin ƙarfi ta ƙofofin da suka fi bakin allura ƙanƙanta, ɗan ruwa ko ƴar ƙasa sun isa su kashe anjektar da famfo. Kuma lalacewar da gurɓataccen mai ya jawo tana cikin abin da takardun garanti ke cirewa ƙarara. Nan ne Alhajinmu na Tasawa ya faɗi.

Abu na huɗu, wanda ya fi damunmu, shi ne nisa. Littafin kowace mota yana da jadawali biyu: na aikin yau da kullum, da na aiki mai tsanani, wato ƙura, zafi, hanyar ƙasa, kaya masu nauyi. Da hunturunmu mai ƙura da bazararmu da ke wuce digiri 40, mu kullum a jadawali na biyu muke, inda ake canza mai da filtir da wuri. Mafi yawan wakilan kamfanonin nan kuwa a Yamai suke. A ce sharaɗinka shi ne widanji kowane kilomita 5,000 a garajin wakili, kai kuma kana Zinder. Kusan kilomita 900 ne zuwa, 1,800 da dawowa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na man da aka zuba maka, hanyar zuwa canza shi ce za ta cinye. Ga kuɗin gazuwal, ga masauki, ga kasuwa da ka bari kwana uku. Wa zai iya? Shi ya sa karne ke tsayawa a tambari biyu.

A wasu ƙasashen doka ta shiga tsakani. A Amurka akwai doka tun 1975 da ta hana maƙeri ya ce sai a garajinsa kaɗai za ka yi gyaran da kake biya, in ba haka ba ya soke garanti. A Tarayyar Turai ma mai mota na iya kai ta wani garaji mai zaman kansa, muddin an bi jadawalin kamfani, an sa man da ya dace, an ajiye faktir. Mu ma muna da dokar kare masu saye ta 2015, amma mutum nawa ne a kasuwar Maraɗi ko Dole ta Zinder ya san da ita, balle ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa?

Wani zai ce, Malam, mu ina ruwanmu, mu nawa ke sayen sabuwa? Gaskiya ne, yawancinmu okaziyo muke hawa, wadda ta biyo ta Kwatano a da, yanzu galibi ta Lome. To ku ma akwai naku a ciki. Dillali zai nuna maka mota ƴar shekara huɗu ya ce har yanzu da sauran garantinta. A tambaye shi: a wace ƙasa? Na Kia na bin motar in an sayar da ita, amma ga motocin da aka saya a Turai, kuma a can ake cika shi. Na Hyundai a Amurka, shekara 10 ɗin ta mai saye na farko ce, na biyu shekara 5 ko mil 60,000 yake samu daga ranar da aka fara sayar da ita. Motar da ta ƙetare teku ta iso nan, kada a ƙara maka ko dala a kan kuɗinta da sunan garanti, sai in wakilin da ke nan ya rubuta maka cewa ya ɗauka.

Kuma akwai motocin da mu duka muka saya: ambilans ɗin asibitocinmu, motocin ma'aikatun magajin gari, na ayyukan raya karkara. Su ne ke zuwa sabbi, da garantinsu. Sau nawa muka ga irin su a ɗore kan bulo a harabar ma'aikata, fentinsu bai ko dushe ba? In ba a ware kuɗin widanji ba, in ba wanda ke riƙe da karne, alkawarin da aka biya da kuɗin talaka ya tafi a banza, mai naƙuda kuma a ɗauko ta a amalanke.

Kada a ce mun ɗora wa kamfanoni laifi duka. Ba maƙerin da zai biya injin da aka shayar da ruwa, ko wanda aka bari da mai ɗaya har ya koma kamar kwalta. Mu ma muna da halinmu: sa hannu ba karatu, jefa littafin mota cikin akwati, "ai makanikina ya fi su sani". Makanikanmu gwanaye ne, su ke riƙe da ƙasar nan a kan taya, amma ba sa ba da faktir, ba sa rubuta kilomita, kuma ranar rigima takarda ce ke magana. Sai dai shi ma mai sayarwa, da ya san takardar da Faransanci take, da ƙananan haruffa, ya san mai sayen daga Tasawa yake, amma ya taƙaita da "kwantar da hankalinka", bai sauke nauyin da ke kansa ba.

Don haka ga kiranmu. Mai saye, kafin ka ƙirga kuɗi, ka zauna da wanda ya iya karatu ya fassara maka takardar layi-layi. Ka tambaya: shekara nawa, kilomita nawa, daga wace rana? Inji da buwat kaɗai, ko har da kilim da kayan lantarki? A wane garaji zan yi widanji, kuma in na yi a garinmu da faktir, kun yarda? In ta mutu a Tanut, wa zai biya ɗaukowa? In piyas babu, kwana nawa zan jira? Duk amsar da aka ba ka, a rubuta, a buga tambari. Ka sha mai a gidan mai, ka riƙe rasit. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma wakilan kamfanoni, in da gaske kuke, ku kawo garantin inda motocin ke aiki. Ku horar da makanikai a Maraɗi, Zinder, Tawa da Agadas, ku ba su izini da tambari, ko ku riƙa turo ma'aikatanku zagaye lokaci-lokaci. Ku fassara sharuɗɗan da Hausa da Zabarmanci a shafi guda. Hukumomin kasuwanci da ƙungiyoyin kare masu saye su sa ido a kan haka, kuma duk ma'aikatar da za ta sayi mota da kuɗin jama'a ta sa wannan cikin sharuɗɗan kwangila.

Alhajinmu ya ce zai sayar da shanu biyu ya fiddo motarsa. Mun tambaye shi ko da an karanta masa takardar tun farko zai saya. Ya yi shiru, sannan ya ce zai saya, amma da ba zai sha man jarka ba. Ku da kuka taɓa shiga irin wannan, masu mota da makanikai da masu sayarwa, muna jiranku a shirin marece. Allah shi kiyaye hanya, shi sa mu ga da kyau.