Sharhi: Kafin A Zuba Siminti A Kafanchan, A Fara Tayar Da Ginin Cikin Kwamfuta

Tun shekarar 1927 da layin dogo na gabas ya haɗu da na arewa a Kafanchan, garin ya zama mahaɗar fatauci ta kudancin Kaduna, kuma a 'yan shekarun nan harkar gine-gine ta sake motsawa a yankin. Shirin sabunta birane da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2019 ya haɗa da Kafanchan. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da mayar da Babban Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa, wanda aka sa wa sunan tsohon gwamna ɗan Fadan Kagoma, ya zama cibiyar lafiya ta tarayya, ta kuma kafa jami'ar kimiyya a Kachia. Asibiti da jami'a kuwa ba sa zama sai da ɗakunan tiyata da na gwaje-gwaje da gidajen kwanan ɗalibai, wato kwangiloli na miliyoyin Naira.

Abin tambaya shi ne da wane irin zane za a yi waɗannan ayyuka. Har yanzu abin da aka saba shi ne mai zanen gini ya fitar da nasa zanen, injiniyan ginshiƙai ya fitar da nasa, na lantarki da na ruwa su ma haka, sannan mai ƙididdigar kayan aiki ya bi takardun da ma'auni yana lissafa bulo da rodi. Kowa na aiki a kan takardarsa. Sai an zuba dakin ya bushe ake gano cewa bututun ruwa zai ratsa ta tsakiyar ginshiƙi, ko kuma ba a bar wa wayoyin lantarki hanya ba. Daga nan sai a kira lebura da guduma, a fasa abin da aka biya kuɗi aka zuba, ɗan kwangila kuma ya rubuto takardar neman ƙarin kuɗi. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa gina ko da rukunin shaguna ne ya san wannan takarda.

Tsarin da ake kira BIM, wato tattara dukkan bayanan gini a cikin samfuri guda na kwamfuta, domin wannan matsala aka ƙirƙiro shi. Maimakon layuka a kan takarda, ana tayar da ginin ne gaba ɗaya a cikin na'ura, kuma kowane bango yana ɗauke da bayanin tsawonsa da kaurinsa da abin da aka yi shi da shi. In an matsar da taga, duk zane-zanen da jadawalin kaya za su gyaru nan take. In bututu ya ci karo da ginshiƙi, manhajar za ta nuna wurin tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Ba sabon abu ba ne: kamfanin Graphisoft na ƙasar Hungary ya fitar da ArchiCAD tun shekarun 1980, Revit ta fito a 2000, Autodesk ya saye ta a 2002.

Sai dai a nan gida, da yawa daga cikin ofisoshin da ke da waɗannan manhajoji suna amfani da su ne wajen fitar da hoto mai ƙyalli da za a nuna wa mai gini, da motoci a ƙofar gida da furanni a tsakar gida, sannan a koma tsohuwar hanya wajen lissafi. An sayi doki ke nan ana ɗaukar hoto da shi. Amfanin tsarin na gaskiya yana ga ƙididdiga. Bayan da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, buhun siminti kuma ya haura Naira 10,000 a farkon 2024. A irin wannan kasuwa, aikin da ya tsaya wata uku ana gardama kan zane ba zai ci gaba a kan tsohon farashi ba. Ga kuma damina, wadda a kudancin Kaduna takan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, ta yadda wanda ya yi asarar rani ɗaya ya yi asarar kusan shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin, sai dai haya ta shekara-shekara wadda farashinta ke bin Dala. Manhajar na buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa, ƙaramin ofishin zane a Kafanchan kuwa da janareta yake rayuwa. Bugu da ƙari, wahalar tsarin tana kan mai zane ne, domin shi zai ƙara makonni yana shigar da bayanai, alhali ribar tana zuwa aljihun mai gini. Wanda kuma ya saba cin abinci daga ƙarin kuɗin kwangila ba zai yi marhabin da na'urar da ke ƙirga rodi ɗaya bayan ɗaya ba.

Wannan ne ya sa jiran masu zane su rungumi tsarin da kansu ɓata lokaci ne. A ƙasashen da ya kafu, mai biyan kuɗi ne ya gindaya sharaɗi. Gwamnatin Birtaniya ta sanar a 2011 cewa daga 2016 ayyukan gine-ginen gwamnatin tsakiya sai da BIM, ta ba masana'antar shekara 5 ta shirya. A 2018 aka fitar da ƙa'idar duniya ta ISO 19650 kan sarrafa bayanan gini, saboda haka babu buƙatar Kaduna ta ƙirƙiro tata. Jihar tana da dokar bayar da kwangila ta 2016 da hukumar da ke kula da ita, ke nan akwai ƙofar shigar da sharaɗin.

Amma a yi shi da hankali. Tilasta wa mai gina ɗaki uku a Kagoma ko Gidan Waya ya kawo samfurin kwamfuta zai ƙara wa talaka kuɗi ne kawai, ya kuma buɗe wata sabuwar kafar cin hanci a teburin ba da izini. A fara da asibitoci da makarantu masu bene da manyan kasuwanni, a biya mai zane ladan ƙarin aikinsa, a kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa samfurin mallakin mai gini ne, za a miƙa shi a buɗaɗɗen tsarin IFC wanda manhajoji daban-daban ke iya karantawa. Asibiti zai shekara 50 yana aiki, wanda zai zo gyaran bututun iskar numfashi bayan shekara 20 yana buƙatar sanin inda aka binne shi.

Batun ma'aikata ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan yana da tsangayar kimiyyar muhalli, inda ake koyar da zanen gini da ƙididdigar kayan aiki, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta daɗe tana yaye irin waɗannan ƙwararru. Ɗalibai na samun lasisin karatu kyauta. Abin da ke kai su Abuja da Legas shi ne rashin mai neman wannan ƙwarewa a gida.

Har ila yau, kada wani ya ɗauka kwamfuta za ta hana gini rushewa. Benen makarantar da ya rufta a Jos ranar 12 ga Yulin 2024, inda mutane 22 suka rasu, ya tuna wa makwabta cewa ƙarshen magana a filin aiki take. Samfuri zai faɗi rodi mai kaurin milimita 16, amma sai injiniya mai rajista da COREN ya tsaya a wurin kafin a tabbata ba na 12 aka ɗaure ba.

Ga 'yan kasuwa masu zaman kansu, musamman dillalan citta na Kachia da Jaba da Kafanchan waɗanda annobar 2023 ta cinye wa jari kuma suke shirin gina sito ko wurin busarwa da rancen banki, ba sai sun jira gwamnati ba. Kafin su sa hannu, su nemi mai zane ya nuna masu jadawalin siminti da rodi da kwano wanda ya fito kai tsaye daga samfurin, su ajiye kwafi, su riƙa gwada shi da duk rasidin da ɗan kwangila zai kawo.