Layi Ma Da Kuɗinsa

Mun saba ɗaukar "wanda ya riga zuwa shi ne gaba" a matsayin adalci tsantsa, ko a ƙofar wasan mawaƙi, ko wajen rabon shinkafa a Unguwar Rogo. Alhali da lokaci da ƙarfin ƙirji ake sayen layi. Saurayin da ba ya da aikin safe zai iya kwana a bakin ƙofa. Mai jego fa, da malamin firamare? A Disambar 2024, a Ibadan, an yi wa yara 5,000 alkawarin kyauta, kowa ya yi sammako, yara 35 suka rasu a turmutsutsu.

Shi ya sa na fi karkata ga ƙuri'a: a rubuta sunaye tun jajibere, a ciro su a gaban mai unguwa. Masu kiran ta caca su tuna cewa babu mai zuba ko sisi, kuma hadisi ya ambaci ƙuri'a a kan sahun farko na salla.

Tana da aibu, tabbas. Masoyin mawaƙi na shekara ashirin da ɗan kallo duk ɗaya ne a cikin ƙwarya. In kuwa aka jefa ta a ɗaki a rufe, sanayya ce kawai ta sake riga.