Jirgin Ƙasan Gwangwani Da Dariyar Da Muka Yi Wa Bature

Kwanakin baya a wata majalisar mai shayi da ke nan unguwar Birikiteri a Yawunde, wani matashi ya miƙo wayarsa yana nuna wa jama'a wani hoton bidiyo da aka turo masa ta WhatsApp. Wani dattijon Bature ne ya durƙusa a lambun bayan gidansa yana goge wani ɗan siririn layin dogo da tsumma. Can sai ga wani ɗan jirgin ƙasa, wanda kansa bai wuce kamu biyu ba, ya ɓullo daga ƙarƙashin wata 'yar gada yana jan taragu shida, ya ratsa tsakanin furanni ya je ya tsaya a 'yar tasharsa. Nan take majalisa ta kece da dariya. Wani Alhaji mai sayar da atamfa ya ce ai wannan ita ce ƙoshi, in ciki ya cika sai tsoho ya koma wasan yara. Mu ma mun taya shi dariyar, ba za mu ɓoye ba. Sai dai tun daga ranar abin yake ta yi mana yawo a zuciya, har muka ga ya dace mu kawo shi gaban 'yan'uwanmu 'yan kasuwa na Garwa-Bulai da Kusiri da Amcide da Kiye-Osi, domin a ganinmu ku ne ya fi shafa.

Da farko dai bari mu faɗi ko mene ne abin. A ƙasashen Jamus da Ingila da Amurka akwai mutane masu yawa da ke shimfiɗa ƙaramin layin dogo a farfajiyar gida, a fili, inda rana da ruwan sama ke dukansa. A shekarar 1968 wani kamfani na birnin Nurembag a Jamus ya fara sayar da irin wannan jirgi da sunan LGB. Faɗin layinsa milimita 45 ne, kuma an rage girman komai sau 22 da rabi daga na gaskiya. Duk wanda ya buga lissafin zai ga ya tashi kusan mita ɗaya, wato daidai da faɗin layin dogon da ya taso daga Duwala ya ratsa Yawunde ya dangana da Ngawundare. Ashe dai jirginmu ne Baturen nan ya ƙanƙantar ya ajiye a lambunsa. A garin Bikonsfil na Ingila kuwa akwai wani ƙauyen kwaikwayo mai suna Bekonscot da aka buɗe tun 1929, kuma har yau 'yan jiragensa suna zagayawa, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo.

Wannan shekara ta 1929 ita ce ta fi tsaya mana a rai. Abin wasa ya doshi shekara 100 yana aiki a fili. Mu kuwa a nan Kamaru, layin da Jamusawa suka shimfiɗa daga Bonaberi zuwa Nkongsamba, wanda aka buɗe a 1911, sashensa na Mbanga zuwa Nkongsamba ya daɗe da mutuwa, ciyawa ta cinye shi. A ƙetare, jirgi ya isa Maiduguri a 1964, amma 'yan kasuwar Gamboru da Banki sun fi mu sanin shekarun da aka ɗauka ba a ji kukansa a can ba.

To me ya sa nasu yake rayuwa? Amsar tana cikin tsumman nan da muka yi wa dariya. Ƙarfen layin wasan galibi na tagulla ne, kuma ta cikinsa wuta ke bi ta isa injin. Da zarar ya yi dauɗa sai jirgi ya fara tsayawa yana fizga, saboda haka kafin a tayar da shi dole mai shi ya bi layin kaf a ƙasa, ya goge, ya tsince ganye, ya duba inda ruwa ya kwashe tsakuwa, ya duba mahaɗar ƙarfe da ƙarfe. Ƙarfe yana miƙewa da zafin rana, in ba a bar masa ɗan gibi a mahaɗa ba sai ya tanƙware. In tudu ya yi tsayi da yawa, inji ya kasa hawa, shi ya sa masu abin ba sa son hawa ya wuce santimita 2 ko 3 a kowace mita. In kwana ta yi tsanani aka shige ta da gudu, taragu su kife. In aka ƙara taragu fiye da ƙarfin kan jirgi, a gangara su rinjaye shi. Duk yaron da ya yi wata uku yana kula da irin wannan layi zai san waɗannan abubuwa a hannunsa, ba sai an karanta masa a allo ba.

Yanzu sai mu tuna da Eseka. Ranar Juma'a 21 ga Oktoban 2016, bayan da kwalbati ya rufta ya datse hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala, jama'a suka yi dafifi a tashar jirgi, aka ƙara taragu, jirgi ya tashi maƙil da mutane. Kafin ya shiga tashar Eseka ya kauce daga layi. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 79 ne suka rasu, ɗaruruwa suka jikkata. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Kwamitin binciken da shugaban ƙasa ya kafa ya ba da sakamakonsa a 2017, inda ya ce jirgin yana gudun kilomita 96 a awa a wurin da aka ƙayyade 40, an yi masa lodi fiye da kima, kuma birkin wasu taragu ba shi da lafiya. Gudu a gangara, ƙarin taragu, da birkin da ba a duba ba. Ko shakka babu, waɗannan su ne abubuwan da ke kifar da jirgin lambu, bambancin kawai shi ne a can furanni ake takewa.

Kada wani ya ce muna raina injiniyoyinmu ne, ko muna cewa abin wasa zai gyara kamfanin jirgi. Abin da muke cewa shi ne, akwai wata tarbiyya ta duba abu kullum tun bai lalace ba, kuma wannan tarbiyya tun ana yaro ake shan ta. Mu a unguwannin Hausawa mun iya saye da sayarwa, mun iya ɗinki, mun iya tsire wanda duk Yawunde ke zuwa Birikiteri ci da daddare. Amma ku duba janaretocin da ke jibge a bayan shagunanmu, da famfunan masallatai da ke ɗiga wata da watanni, da manyan motocinmu da ba sa ganin gareji sai sun kwanta a hanyar Meiganga. Sai abu ya mutu muke nemo mai gyara, kuma sau da yawa mai gyaran ba ɗanmu ba ne.

Alhali kuwa yaranmu suna da hannun. A wani lungu kusa da inda muke zaune akwai wani yaro ɗan kimanin shekara 12 da ya haɗa jirgi da gwangwanayen sadin, ya yi masa ƙafafu da marafan kwalba, ya miƙe waya biyu a kan katako ya zama layi. Mun tsaya mun ga yadda ya gano da kansa cewa in bai lanƙwasa bakin marfin ya kama wayar daga ciki ba, tarago zai zame. Wannan ita ce hikimar da ke riƙe ƙafar jirgin gaskiya a kan dogo, kuma babu wanda ya koya masa. Bayan kwana biyu wani babba a gidansu ya sa ƙafa ya watsar da kayan, wai yaro ya bar tsaron shago yana tara shara. Ba mu ga laifin mai son yaro ya koyi kasuwa ba, kasuwa ce ta rufa wa iyayenmu asiri a wannan gari tun zamanin da ake buga bulo a nan, wanda daga nan unguwar ta samo sunanta. Amma dukanmu da muka haura shekara 40 mun yi motar kara da motar langa-langa muna yara, kuma mun san yadda aka riƙa kashe mana wannan sha'awa da dundu.

Ga inda abin ya shafi aljihunku, Alhazai. Layin Yawunde zuwa Ngawundare, mai tsawon kilomita 622, an fara shi a 1964, ya kai Belabo a 1969, ya isa Ngawundare a 1974. Tun daga lokacin shi ne ƙashin bayan cinikin arewa. Shanun Adamawa ta nan suke gangarowa kudu, kayan da aka sauke a tashar ruwan Duwala ta nan suke hawa kafin a ɗora su a manyan motoci zuwa Garwa da Marwa da Kusiri da Injamena, wasu kuma su sauka a Belabo. Jirgin dare da ke tashi daga Yawunde da yamma ya wayi gari a Ngawundare, wa ya fi mu cika shi? Layi ɗaya ne tal. Duk ranar da tarago ya faɗi a dajin Mbitom ko Ngawundal, sai komai ya tsaya, saniya ta rame a tasha, fasinja ya kwana a daji, kuɗin mota ya tashi a ranar. Tun 1999 kamfanin Camrail ke tafiyar da layin, an kuma samo rance daga Turai don sabunta sashen Belabo zuwa Ngawundare, ana ta maganar kai shi Chadi shekara da shekaru. A Nijeriya an aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a 2021. Duk waɗannan ayyuka za su buƙaci masu walda, masu lantarki, masu duba birki, masu bin layi. In ba mu shirya 'ya'yanmu ba, to za mu ci gaba da zama masu sayen tikiti da biyan kuɗin lodi kawai.

Shawararmu ƙarama ce. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke haɗa kuɗi don shimfiɗar masallaci da walimar dawowar alhazai, su ware wani abu a nemi kusurwa a farfajiyar ɗaya daga cikin makarantun unguwa, a shimfiɗa layi ko da na mita 15 ne, a damƙa shi a hannun yara ƙarƙashin malami guda da bakanike guda. Ba lallai sai an yi odar na Jamus ba, domin yana da tsada ƙwarai. Maƙeranmu da masu walda za su iya miƙe layin da siririn ƙarfe, kafintoci su yanka katakon da zai zauna a kai, masu gyaran rediyo da waya su ciro ƙananan injina daga tsofaffin kayan wasa da ake zubarwa a kasuwar Mokolo. Tun da wutar lantarki ba ta da tabbas, a yi shi mai aiki da batir, wanda hakan ma zai rage wahalar goge layi kuma ya kawar da tsoron kada wuta ta ja yaro.

Za a ce Yawunde ba Jamus ba ce. Gaskiya ne, kuma wannan shi ne amfanin abin. Ruwan Satumba da Oktoba zai kwashe tsakuwar, jar ƙasa za ta toshe ƙafafun taragu da rani, gara za ta ci katakon in ba a shafa masa baƙin mai ba, akuya za ta taka gada. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli darasi ce, domin su ne dai matsalolin da babban layi ke fama da su tsakanin Nanga-Eboko da Belabo. Yaron da ya haƙa wa layinsa magudanar ruwa bayan ya ga ambaliya ta cinye shi sau biyu, ba zai girma ya zuba shara a kwata ba. Za a ce za a sace. To a ɗauke kan jirgi da taragu a kulle a ofis bayan an tashi, layin kuwa a kafe shi da siminti. Wasu malamai za su yi ƙorafi a kan 'yan mutum-mutumin da Turawa ke jerawa a tashoshinsu. Wannan ba dole ba ne, a bar su, jirgi zai yi tafiyarsa ba tare da su ba.

Sai batun ɗaukar hoto, wanda shi ne zai ja hankalin samarinmu da ba sa rabuwa da waya. Masu wannan sha'awa sukan ɗaure ƙaramar kyamara a gaban tarago, ko su kwantar da ita a ƙasa daidai tsayin layin, sai abin ya fito kamar jirgin gaske. Bayan daɗin kallo, hoton yana tona asirin aiki. Duk inda layi ya karkace ko mahaɗa ta buɗe, za a ga hoton ya girgiza a wurin, sai a koma a gyara. Manyan kamfanonin jirgi a duniya ma suna da taragu na musamman masu kyamara da na'urorin awo da ke bin layi don wannan manufa. Yaron da ya iya wannan ya koyi sana'a biyu a lokaci guda, kuma mun fi son mu ga wayarsa cike da hoton gadar da ya gina da hannunsa a kan raye-rayen da ke cikinta yanzu.

Abin da ba mu so shi ne a yi bikin buɗewa, a kira mu 'yan rediyo mu ɗauki jawabai, a yanka ƙyalle, bayan wata biyu kaji su mayar da wurin makwanci. In za a yi, a fara da rubuta jadawalin wanda zai bi layi kowace safiya, da littafin da za a riƙa rubuta abin da ya lalace da ranar da aka gyara shi, kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya. Lokacin shimfiɗa shi kuwa tsakanin Disamba da Fabrairu ne, domin ƙasa ta zauna kafin ruwan Maris ya sauko. Shi kuma yaron nan na lungunmu ya sake tara gwangwanaye, yanzu a gidan kakarsa yake ɓoye su, kuma abin da ya ce mana yana nema shi ne ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset da batir guda biyu.