"Malam, Uwarsu Ba Ta da Lafiya Ne?"

Wata ranar Asabar cikin hunturun da ya wuce na ɗauki 'ya'yana mata biyu, babbar mai shekara bakwai, ƙaramar mai huɗu, muka nufi Dutsen Dala. A Daidaita Sahu ya sauke mu a bakin titi, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin lungu. Kafin mu kai gindin dutsen muka iske wasu dattawa a kan dakali suna shan hantsi. Na yi sallama suka amsa, yaran suka durƙusa suka gaishe su. Sai ɗaya daga cikinsu, wanda da ganinsa ka san da kyakkyawar niyya yake magana, ya dube ni ya ce, "Malam, uwarsu ba ta da lafiya ne?" Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Baba. Dutsen na kawo su su gani." Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "To, Allah ya raya." Amma na ga alamar abin bai zauna masa ba.

Muna tsaye sai ga wata yarinya, sa'ar babbar tawa, da farantin gyaɗa a ka, ita kaɗai. Dattijon ya kira ta ya sayi ta naira ɗari. Babu wanda ya tambaye ta ko uwarta na da lafiya, balle a ce ina ubanta.

Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai tun ranar. Mun zama al'ummar da ta saba da ganin 'yar shekara bakwai tana ratsa titi ita kaɗai da talla, ta shiga gareji, ta tsaya a bakin tasha cikin ƙarti har magariba, ba mai ɗaga kai. Amma in an ga yarinya riƙe da hannun ubanta da rana tsaka, ba asibiti za su ba, ba gidan biki ba, sai a fara neman dalili. Ra'ayina a nan ba na ɓoyo ba ne: uban da yake da lafiya da ƙafa, yake kwana a gari ɗaya da 'yarsa, amma shekara ta zagayo bai fita da ita ko sau ɗaya don ta ga duniya ba, ya tauye mata haƙƙi, kuma yawancin uzurorin da yake kawowa ba za su iya tsayawa a gaban alƙali ba.

Dubi yadda ake yi wa ɗa namiji. Da ya kai shekara huɗu ko biyar, uban ya ɗora shi a tankin babur zuwa masallacin Juma'a. Da shi ake zuwa wurin aski, da shi ake zuwa kara sayen ragon layya, da shi ake zuwa gona in damina ta faɗi, shi ake zaunarwa a bakin shago ran Asabar. Ba wanda ya kira wannan makaranta, amma makaranta ce. A nan yaro yake koyon yadda ake taya kaya, yadda ake gaida babba, yadda ake tambayar hanya, yadda ake gane mutumin da bai kamata a tsaya kusa da shi ba. Kafin ya kai goma ya san gabas da yammacin garinsu. Ita kuwa 'yar'uwarsa hanya uku ta sani: ta makarantar boko, ta Islamiyya, da ta gidan kaka. In an ƙara mata ta huɗu, to gidan suna ne, a bayan uwarta, daga wannan tsakar gida zuwa waccan.

Sai shekara sha takwas ta zo, ta sami gurbi a jami'a ko a kai ta ɗakin miji, ba ta san motar da za ta hau daga Kabuga zuwa Bata ba. Mu kuma mu zauna a majalisa muna cewa mata ba su da wayon hanya, kamar da haka aka haife su. Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo, wanda iyaye maza ba sa son a faɗa. In uba bai nuna wa 'yarsa gari ba, wani ne zai nuna mata. Namijin farko da zai buɗe mata ƙofar mota, ya zagaya da ita, ya saya mata askirim, ya saurari surutunta har ƙarshe, zai sami wani matsayi a zuciyarta da bai yi wahalar komai ba kafin ya same shi. Na fi son a ce wannan namijin ni ne, tun tana shekara huɗu, domin ranar da wani zai zo da nasa yawon ta riga ta san ba wani abin mamaki ba ne.

Da an taɓo maganar nan sai wani ya ɗauko rigar addini ya yafa. Ni ba malami ba ne, amma abin da ke cikin littattafan da muka karanta a Islamiyya bai ɓuya ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya sake ɗaukar ta, a gaban sahabbai. Ya kuma tabbata cewa ya tsaya ya kare Nana A'isha tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, bai gusa ba sai da ita da kanta ta gaji. A ƙasarmu kuwa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya caccaki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ɗaliban waje. 'Yarsa Nana Asma'u tana wajen shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, da ita aka yi tafiyar, kuma ita ce daga baya ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo neman ilimi. Wanda ya ce addini ne ya hana shi kai 'yar shekara biyar Gidan Makama, sai ya gaya mana a wane babi ya karanto.

Ko a al'adar kulle ma, ba ƙananan yara mata ake kullewa ba. Matan aure ne ke zaune a gida, yara su ne ƙafafunsu. Wata Ba'amurkiya mai nazarin al'adu, Enid Schildkrout, ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara kacokan a kan yara, musamman mata, masu kai aike da ɗaukar talla. Ke nan fitar yarinya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da muka yarda da shi shi ne ta fita don ta kawo kuɗi ko ta isar da saƙo. Fitar da za ta yi don kanta, don ta kalla ta yi tambaya, ita ce muke gani kamar ɓata lokaci.

Uzurin da nake ɗauka da muhimmanci shi ne na tsaro, domin ni ma uba ne, kuma aikin jarida ya sa na ji abin da ba na fatan kowa ya ji. Ba ina cewa a ɗebi yara a bi dajin Falgore da dare ba. Amma mu yi wa kanmu adalci, mu duba inda masifar take samun 'ya'yan namu. 'Yan matan Jangebe a 2021 daga ɗakin kwanansu na makaranta aka kwashe su. Yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Kano a ƙarshen shekarar, wadda labarinta ya girgiza ƙasar nan, mai makarantarsu ne kotu ta samu da laifin kashe ta, mutumin da ta sani ta kuma yarda da shi. Cikin duk wuraren da yarinya ke zama a rana, da wuya a sami wanda ya kai gefen ubanta aminci.

Abin dariya, in da abin dariya ne, shi ne abin da masu wannan uzuri suke yi ranar Sallah. Ranar da gari ya fi cika, ranar da direbobi suka fi ganganci, ita ce ranar da ake yi wa yara kwalliya, a damƙa wa 'yar shekara goma ƙannenta uku da kuɗin mota a ce su tafi yawon Sallah. Su cusa kansu su takwas a A Daidaita Sahu, su nufi gidan zoo cikin turmutsutsu. Duk mai sauraron rediyo a Kano ya san yadda cigiyar yara take yawaita a kwanakin nan. Uban yana ina? Yana majalisa da sabuwar shadda, yana karɓar barka da Sallah.

Sai batun kuɗi. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi a kowane gida, kuma ba zan raina wa kowa talaucinsa ba. Sai dai mun ɗauki wani ra'ayi cewa fita da yara yana nufin zuwa babban kanti a tura kwando, a yi hoto. Shi ya sa da Shoprite ta rufe reshenta na Kano a farkon 2024 na ji wasu suna cewa yanzu ba wurin kai yara. Birnin da ke da Dala, da marinar Ƙofar Mata inda yarinya za ta ga farin ƙyalle ya shiga rijiyar baba ya fito shuɗi, da Kasuwar Kurmi da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da Gidan Makama daura da fada, shi ne ake cewa ba wurin zuwa. Abin da na kashe ranar da muka je Dala, har da gyaɗa da ruwa, bai kai kuɗin datar da nake ƙonawa a mako ba. Abin da fitar take ci da gaske shi ne yammacin Asabar, wato lokacin ƙwallon Ingila da zaman majalisa. Nan ne gizo yake saƙa.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne na fi tausaya wa masu shi: kunya. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, har ya bar duniya ban taɓa jin ya kira sunan yayarmu ba, saboda ita ce ta fari. Ba ƙi ba ne, alkunya ce, kuma ba na raina ta. Amma a gidan da muka taso akwai baffa, akwai kawu da ke zuwa ran Juma'a, akwai kaka mai wasa da jika. Abin da uba ya kame daga yi, su suke yi. Baffanmu ne ya fara kai yayar tamu kallon hawan daushe a kan wuyansa. Yau kuwa saurayi ya yi aure ya tare a ɗaki biyu da falo a bayan gari, an ja get an rufe, baffa yana Abuja, kaka tana cikin gari. Mun bar gidan gandu, mun taho da kunyarsa, mun baro mutanen da ke cike giɓinta. Yarinyar da ke bayan wannan get ɗin, in ubanta ya ce yana jin nauyin a gan shi da ita, to ba ta da kowa.

Hukuma ma tana da nata kason. Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya yi tunanin cewa talaka ma yana bukatar wurin da zai kai iyalinsa, ya gina gidan zoo. Bayan shekara hamsin, birnin ya ninka kansa ba adadi, amma filayen unguwa sun zama shaguna, badala ana ta yankarta ana gini. Wuraren da suka rage kuma ba a yi su da tunanin 'ya mace ba. Mun taɓa zuwa wani wurin wasan yara, na biya kuɗin shiga, can ƙaramar ta ja rigata ta ce, "Abba, fitsari." Na zagaya, banɗaki ɗaya ne, an sa masa kwaɗo, mai makullin kuma an ce ya tafi cin abinci. Da namiji ne da an nuna masa gindin katanga. Haka na fito da ita na yi sallama a wani gida da ke kusa, na tsaya a zaure, wata baiwar Allah ta leƙo ta ce, "Kawo ta, ɗana," ta shiga da ita. Na gode mata har yau, amma bai kamata mutuncin yarinya ya dogara da sa'ar samun mai kirki ba. Ina kuma da yaƙinin cewa da iyaye maza suna fita da 'ya'yansu mata kamar yadda suke fita da maza, da tuni an buɗe wannan kwaɗon, domin a garin nan kukan da namiji ya yi shi ake ji.

Ranar ta Dala, ƙaramar a wuya na hau da ita, babbar kuwa ta ƙi a riƙe ta, tana ƙirga matakala har lissafin ya ɓace mata. Da muka kai sama ta tsaya ta yi shiru, abin da ba halinta ba. Hazo ya ɗan rufe nesa, amma ana hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci. Ta ce, "Abba, duk wannan Kano ce?" Na ce duk ita ce, har da inda ba kya gani. Ta ce in nuna mata gidanmu, na nuna mata sashen. Na ba su labarin Barbushe daidai yadda zan iya, ƙaramar ta fi damuwa da wata akuya da ta ga ta hawo ba ta matakala ba.

Da muka sauko muka sake cin karo da mai gyaɗar, ta sauke farantin tana ƙirga canji. Na ce ta ba mu ta ɗari biyu. Tana ƙullawa babbar tawa ta tambaye ta, "Ke kin taɓa hawa can sama?" Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi dutsen, ta ce a'a. Na tambaye ta ina ne gidansu. Ta nuna wani lungu da hannu, bai fi taku hamsin daga matakalar farko ba.