Ƙarin Sifirin Ba Ya Ƙara Wa Aksul Ƙarfi

Filinmu na wannan mako zai leƙa ƙarƙashin a-kori-kura ne, watau wurin da mai mota ba ya son duƙawa ya duba sai ran da ta zaunar da shi a dokar daji.

Tun zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda aka buɗe a 1975, yake harhaɗa 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, har zuwa yau da Hilux ta mamaye hanyoyin ƙauyuka, akwai wata al'ada da ba ta sake ba. Da mutum ya sayi mota sai ya zarce da ita gareji, a ƙara mata ganyen sifirin biyu ko uku, ko kuwa a tsawaita mariƙinsa, ta ɗaga baya sama. Ban ga laifin masu yin haka ba. Wanda ya taɓa bin hanyar kasuwar ƙauye da damina ya san abin da ya kai su. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, ana ɗaga mota a biya makaniki a tafi, alhali kuwa aikin bai kai rabi ba.

Ga abin da aka mance. Sifirin gangar jikin mota yake ɗagawa. Aksul na baya, da wannan tukunyar ƙarfe da ke tsakiyarsa, suna nan inda suke, ko da inci ɗaya ba su ƙara nisa da ƙasa ba, sai fa in an sake taya da wadda ta fi girma. Cikin tukunyar nan haƙoran da ke karɓar ƙarfi daga farfela suke, su raba wa ƙafafu biyu, su bar ta waje ta fi ta ciki gudu idan an zo kwana. Man giya ne kurum ke tsakaninsu da ƙonewa, shi kuwa bai wuce lita 2 zuwa 3 ba, gwargwadon irin motar.

To, direba ya ga motarsa ta yi tsawo, sai ya sami ƙarfin halin afkawa rafin da a da yake kewayewa. A saman aksul akwai wata 'yar ƙofar shan iska, domin mai in ya yi zafi ya sami inda zai numfasa. Aksul mai zafi in ya nutse cikin ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta wannan ƙofa ko ta bakin oyal sil. Mai da ruwa su cakuɗe su zama kamar shayi da madara. Daga ranar nan boris ya fara tsatsa, motar kuwa ba za ta faɗa wa kowa ba sai bayan watanni. Maganin wannan ba shi da tsada ko kaɗan: a sa wa ƙofar doguwar tiyo ta roba, a ɗaure bakinta can sama jikin shasi. In kuwa laka ce ta toshe ƙofar, zafi zai turo mai ta gefe ya jiƙa birki, wannan kuwa ya fi na farko muni.

Na biyu shi ne farfela. Da aka ɗaga jiki aka bar aksul a ƙasa, farfelar ta ƙara gangarowa, kuros ɗinta yana juyawa a karkace fiye da yadda aka tsara. Masu ƙera waɗannan kayayyaki sun fi son kada karkacewar ta wuce kamar digiri 3. In ta wuce, sai a ji mota tana rawar jiki a wani gudu na musamman, rawar nan kuwa kan boris ɗin ƙaramin haƙorin da ke bakin tukunya take ƙarewa. Waɗansu makanikai sukan sa ƙarfe mai siffar bakin gatari a ƙarƙashin sifirin domin bakin tukunya ya ɗaga ya fuskanci farfela. Dabara ce mai kyau, amma tana da nata sharaɗi, domin da baki ya ɗaga mai zai kwanta baya, boris ɗin gaba ya riƙa samun ɗan abin da aka fantsama masa. Saboda haka motar da aka yi wa wannan aiki ba ta jure wa ƙarancin mai ko na rabin kofi.

Sa'an nan batun kaya, wanda shi ne tushen abin. Irin waɗannan motoci kimanin tan ɗaya aka yi su su ɗauka, watau buhun masara 10 masu kilo 100, har da direba da yaron mota cikin lissafin. A da, in an wuce iyaka sai mota ta durƙusa, kowa ya gani. Yanzu an ƙara sifirin, ba ta durƙusawa, sai a ci gaba da lodi. Nauyin nan kuwa duk kan sandar aksul da boris na kowane gefe yake sauka. Ran da boris ya ci wuta ya farfashe, sandar tana iya zamewa ta fito tare da taya da gangar birki, mota tana cikin gudu, mutane kuwa suna zaune bisa buhuna.

Abin da ya kamata a yi ba shi da wuya. A tsai da mota a wuri mai daidai. A fara kwance murfin zubawa kafin na tsiyayewa, kada a zubar da mai sa'an nan a tarar na sama ya cije. A duba maganaɗisun da ke jikin murfin ƙasa: laushin garin ƙarfe ba kome, amma ɓarɓashi mai kaifi labari ne mara daɗi. A zuba man da aka rubuta GL-5 a jikin galan, lamba 90 ko 80W-90, har ya taɓa leɓen rami. Baƙin man injin, balle wanda aka tsiyaye daga wata mota, ba ya wannan aiki. Littattafan motoci da yawa kilomita 40,000 suke yankewa domin sake mai, amma motar da ke ratsa ruwa a duba ta bayan kowace ƙetarewa mai zurfi.

Shi kuwa boris, kunne da hannu ke kama shi. Kukan da yake sakewa in an taka totur ko an sake shi, daga tukunya yake. Gurnanin da yake ƙaruwa in an karya kwana ɗaya, ya ragu a ɗaya, na ƙafa ne. A ɗaga motar da jak, a tokare ta da ƙarfe ko gungume mai ƙwari tun kafin kowa ya shiga ƙarƙashi, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Bayan doguwar tafiya kuma direba ya zagaya ya kai bayan hannunsa kusa da tsakiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi, a sauke kaya a kwance ta a garin nan, kada a ce sai an isa gida.